Koyon karanta katunan tarot don nazarin kai: akwai bambanci da duba?

'Yar Damagaram:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a birnin Lyon na ƙasar Faransa, kuma mu biyu ne a gidan da nake haya, ni da wata Bafaranshiya mai kirki wadda muke zaman lafiya da ita ƙwarai. Kowace safiya kafin ta fita, takan ɗauko wani ƙunshin katuna masu zane-zane da ake kira tarot, ta cakuɗa su, ta zaro ɗaya, ta ƙura masa ido na ɗan lokaci, sannan ta yi rubutu a wani ƙaramin littafi. Da na tambaye ta ko duba take yi irin na masu bugun ƙasa da masu watsa wuri a can gida, sai ta yi dariya, ta ce ita ba ta yarda akwai mahalukin da ya san abin da gobe za ta zo da shi ba, ba ta kuma yarda da aljanu ko tasirin taurari ba. A cewarta, katunan hanya ce ta yin magana da kanta, domin hoton da ya fito yakan tayar mata da abin da ke kwance a zuciyarta ba ta lura da shi ba, kuma yawan yin hakan yana ƙara wa mutum kaifin abin nan da muke cewa jikina ya ba ni.

Yanzu ta ce za ta koya mini, saboda ta ga yadda nake ta saƙa da warwara a kan ko in ci gaba da digiri na biyu a nan ko in koma gida kamar yadda iyayena suka fi so. Ban amsa mata ba tukuna. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, lokacin da na bi ta hutu gidan iyayenta a ƙauye, na tarar da tsofaffi huɗu zaune a tebur suna buga wani wasan karta da su ma suke kira tarot, suna lissafin maki suna raha, babu maganar asiri ko kaɗan. Ina roƙon waɗanda suka san abin su yi mini bayani: daga ina katunan nan suka samo asali, yaya ake koyon karanta su, kuma da gaske ne mutum zai iya amfani da su don nazarin kansa kawai ba tare da ya faɗa cikin duba ba?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan ɗauki ɓangaren asali, kuma zan fara da gaya miki cewa abin da kika gani a gidan iyayen ƙawarki shi ne ainihin aikin da aka ƙirƙiri katunan dominsa. Karta ta shiga Turai a shekarun 1370, kuma mafi yawan masana tarihinta sun tafi a kan cewa daga daular Mamluk ta Masar da Sham ta fito. A gidan tarihi na fadar Topkapi da ke Istanbul akwai wani tsohon saitin kartar Mamluk mai dangi huɗu, wato kofuna da sulalla da takubba da sandunan wasan folo, babu hoton mutum a jikinsa sai ado da rubutun Larabci. Waɗannan dangogi su Italiyawa suka ara, suka mayar da sandar folo sanda ta gama-gari tun da ba su san wasan ba, kuma su ne ke cikin tarot har yau. Wasan ya bazu da sauri, har hukumar birnin Florence ta kafa dokar hana shi a 1377.

Shi tarot ɗin kansa ya bayyana ne a Italiya a ƙarni na 15. Tsofaffin shaidun da aka samu a rubuce su ne na Florence a 1440 da na littafin kashe kuɗin fadar Ferrara a 1442. Abin da aka yi shi ne an ƙara wa kartar da aka saba wasu katuna 22 masu hotuna, a kan katuna 56 na dangogi huɗu, kowane dangi da 14, jimilla 78. Masu mulkin Milan na gidan Visconti da na Sforza sun sa masu zane sun yi musu nasu da hannu, an shafe su da ruwan zinariya, kuma ragowar wasu suna ajiye yau a New York da Bergamo. Hotunan da ke jikinsu, irin su Paparoma da Sarki da Adalci da Mutuwa da Rana da Wata da Tashin Ƙiyama, abubuwa ne da kowane Ba'italiye na wancan zamani ya saba gani a bangon coci da jerin gwanon bukukuwa. Aikinsu a wasa shi ne su rinjayi sauran katuna, babba ya cinye ƙarami. Sai a ƙarni na 18, bayan kusan shekara 300 ana wasa da su, aka fara samun shaidar yin duba da su.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa da gaske wani limamin Furotesta ne a Faransa mai suna Antoine Court de Gébelin. A 1781 ya wallafa cewa katunan ragowar wani littafin hikima ne na limaman tsohuwar Masar, ba tare da ya kawo hujja ko ɗaya ba, kuma a lokacin babu mai iya ƙaryata shi saboda babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunawa. Sai a 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware wannan rubutu, kuma daga lokacin zuwa yau ba a ci karo da tarot a cikinsa ba. Kafin nan magana ta riga ta yi nisa. Wani ɗan kasuwa a Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya mayar da duba da karta sana'a, ya rubuta wa kowane kati ma'anarsa, ya kuma fitar da saiti na musamman don duba kafin mutuwarsa a 1791. A shekarun 1850 wani marubucin sihiri Bafaranshe, Éliphas Lévi, ya haɗa katuna 22 ɗin da haruffan Ibrananci 22, sannan wata ƙungiyar asiri mai suna Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 ta ɗora musu taurari da buruji. Daga cikin 'yan wannan ƙungiya ne Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith suka fitar da saitin 1909, wanda ya fi kowane yaɗuwa a duniya, kuma mai yiwuwa irinsa ne a hannun ƙawarki ko kuma tsohon saitin da ake kira na Marseille, wanda Faransawa suka fi so.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ma'anonin da ke cikin ɗan littafin da ake sayarwa tare da katunan ba wani tsohon sirri ba ne, mutane ne sanannu suka rubuta su a shekarun da aka sani, kuma sun saɓa wa juna a wurare da dama. Su waɗannan mutane duba da sihiri suka nufa, ba su ɓoye ba. Maganar nazarin kai daga baya ta zo, a rabi na biyu na ƙarni na 20, musamman a Amurka, inda marubuta suka ari kalaman masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung suka yi wa katunan sabuwar riga. Ban ce ƙawarki ƙarya take yi ba, na yarda iya gaskiyarta ta gaya miki, amma tsarin da ta gada an gina shi ne don wata manufa dabam.

Mai Zane a Leeds:

Ƙanwata, ni na koyi karanta su a nan Ingila lokacin da nake karatun zane, don haka zan gaya miki yadda ake yi da kuma inda na ga matsalar take. Mai koyo akan ba shi shawara ya fara da saitin 1909, domin Pamela Smith ta zana cikakken hoto mai labari a kan kowane kati, har da ƙananan, alhali a na Marseille katin takubba bakwai takubba bakwai ne kawai a jere, babu abin da ido zai kama. Akan ce kada ki fara buɗe littafin ma'anoni. Ki kalli hoton tukuna, ki tambayi kanki wane ne a ciki, ina ya fuskanta, me ya bari a baya, mene ne idonki ya fara sauka a kansa, kuma wane ne a rayuwarki ya faɗo miki a rai. Bayan kin rubuta abin da kika gani sannan ki duba abin da littafin ya ce.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu hotunan suna da ƙarfi. A katin kofuna takwas, mutum ne ya juya baya ga kofuna takwas da aka jera, ya dogara sanda ya nufi duwatsu cikin dare. A na sulalla biyar, matalauta biyu ne ke tafiya cikin ƙanƙara, ɗaya da sandunan guragu, suna wucewa ta ƙarƙashin tagar coci mai haske. A na takubba takwas kuwa, mace ce a ɗaure an rufe mata ido, takubba a kafe kewaye da ita, amma idan kika lura za ki ga ƙafafunta a sake suke kuma gabanta a buɗe. Wadda ke tunanin barin gida ko komawa gida, kamar ke, da wuya ta kalli ɗaya daga cikin waɗannan ba ta ji ya taɓa ta ba, kuma idan ta ɗauki alƙalami za ta rubuta abin da ba ta taɓa furtawa ba. Wannan ɓangare gaskiya ne, na gani a kaina.

Matsalar tana wajen cakuɗawa da zarowa a kife. Duk yadda mutum ya kai ga cewa bai yarda da duba ba, a daidai lokacin da ya juya katin, tambayar da ke zuwa zuciyarsa ita ce me ya sa wannan ne ya fito mini yau, kuma wannan tambaya tana ɗauke da zaton cewa akwai wani abu da ya zaɓo katin ya aiko shi. Tsarin shimfiɗa katunan ma yana taimaka wa wannan zato. Shimfiɗar da aka fi koya wa sabon shiga katuna uku ce, na farko abin da ya wuce, na biyu halin da ake ciki, na uku abin da ke tafe. Babbar shimfiɗa mai katuna goma da Waite ya yaɗa ita ma katinta na ƙarshe sakamakon al'amari ake kiransa. Idan nazarin kai ake yi, me ya kawo gurbin abin da ke tafe? Na kuma lura da yadda ake tausasa kowace ma'ana don kada katin ya taɓa yin kuskure: katin Mutuwa, mai lamba 13, an ce canji yake nufi, Hasumiyar da tsawa ta faɗa wa an ce 'yantuwa ce daga ruɗi, kuma idan kati ya fito kai a ƙasa ana iya karanta shi da akasin ma'anarsa ko da rauninta, gwargwadon abin da ya dace da mai tambaya.

Abin da na koma yi shi ne in baje su a buɗe, in zaɓi wanda ya fi kama da halin da nake ciki, in yi rubutu a kansa. Da na daɗe ina hakan sai na ga hotunan da ake sayarwa a gidajen adana zane-zane, ko ma tsofaffin hotunan gidanmu, suna yi mini aiki iri ɗaya, sai katunan suka koma kan kanta cikin littattafan zane. Akwai kuma abu biyu da ya kamata ki sani tun yanzu. Wasu katunan, kamar na Masoya da Tauraro da Shaiɗan, suna ɗauke da hotunan tsiraici. Sannan da zarar 'yan'uwanmu sun ji kina da su, ba nazarin kai za su tambaye ki ba, cewa za su yi ki duba musu maganar aure ko takardun zama, kuma duk bayanin da za ki yi sunan da za a ba ki an riga an san shi.

Mai Nazarin Halayya:

Malama, abin da ƙawarki ta faɗa yana da tushe a fanninmu, sai dai ba kamar yadda masu sayar da katunan ke kambama shi ba. An daɗe da sanin cewa idan aka ba mutum hoto mai harshen damo aka ce ya faɗi abin da ya gani, yakan zuba abin da ke ransa a ciki. A kan wannan tunani ne likitan ƙwaƙwalwa Hermann Rorschach na Suwizalan ya fitar da hotunan ɗigon tawada guda 10 a 1921, sannan Christiana Morgan da Henry Murray na jami'ar Harvard suka fitar da gwajin ƙirƙirar labari daga hoto a 1935. Har yau masana na jayayya a kan ingancin waɗannan gwaje-gwaje wajen gano cuta, amma babu mai musun cewa abin da mutum ya gani a hoton daga gare shi ya fito, ba daga takardar ba.

Abin da ya fi dacewa ki sani shi ne gwajin Bertram Forer na 1948. Ya ba ɗalibansa 39 tambayoyin auna hali, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai, ya nemi su auna dacewarta da halinsu daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma ya tsinto yawancin jimlolinta ne daga wani littafin taurari da ya saya a wurin masu sayar da jarida. Jimlolin irin waɗanda suka dace da kowa ne, kamar a ce kana da buƙatar mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Ma'anonin tarot haka aka gina su. Ƙari a kan haka, ɗan Adam yana tuna ranar da katin ya dace ya manta ranakun da bai dace ba, don haka jin cewa katunan suna faɗin gaskiya yana ƙaruwa da yawan amfani ko da babu abin da ya canza. Shi kuwa Jung da ake yawan jingina abin gare shi bai rubuta littafi a kan tarot ba, ambato kaɗan ya yi. Abin da aka fi ara daga gare shi shi ne ra'ayinsa na cewa abubuwa biyu na iya haɗuwa cikin ma'ana ba tare da ɗaya ya haifar da ɗaya ba, ra'ayin da ba a taɓa tabbatar da shi ta hanyar gwaji ba, kuma ta nan ne duba ke sake shigowa da kayan ilimi a jikinsa.

Game da kaifin jikina ya ba ni, a 2009 Daniel Kahneman da Gary Klein, waɗanda suka daɗe suna saɓani a kan wannan batu, sun yi rubutu tare suka daidaita a kan sharuɗɗa biyu: irin wannan ji yana zama abin dogaro ne idan fagen yana da tsari mai maimaita kansa, kuma mutum ya daɗe yana gwadawa yana ganin sakamakon hasashensa. Dillalin shanu a kara yakan kalli sa ya faɗi kuɗinsa kusan daidai, domin ya yi shekaru yana faɗa kasuwa tana gyara masa. Kati ba ya gyara wa kowa kuskure, saboda haka ba shi da hanyar da zai koya miki hasashe mai kyau, iyakarsa ya ƙara miki amincewa da abin da kika riga kika ji, kuma amincewa dabam, dacewa dabam.

A ganina ɗan littafin da ƙawarki ke rubutu a ciki shi ke yin aikin. James Pennebaker ya fara gwaji a 1986 inda ɗalibai suka riƙa rubuta abin da ke damunsu na minti 15 a kwana huɗu a jere, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna amfanin hakan, ko da yake amfanin matsakaici ne. Inda na ɗan saɓa da Hajiya mai zane shi ne, zarowa a kife yana da fa'ida guda wadda zaɓa a buɗe ba ta da ita: yana tilasta miki kallon matsalarki ta fuskar da ba ke kika zaɓa ba, alhali idan ke kika zaɓa za ki ɗauki abin da kika riga kika sani. To amma ana samun wannan fa'ida ta hanyar ba aminiya dama ta yi miki tambayar da ba ki so, ko ta rubuta wa kanki hujjojin ɓangaren da ba ki karkata gare shi ba. Ina kuma gargaɗin mai yawan damuwa da fargaba, domin irinsu ne ke zaro kati, bai yi musu daɗi ba su sake zaro wani, har abin ya zama ba sa iya yanke ƙaramar shawara sai sun taɓa katunan.

Ɗalibin Zaure:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki shiga. Waɗanda suka gabace ni sun sauƙaƙa mini aiki, domin sun nuna cewa katunan ba su san komai ba, kuma wannan shi ne abin da aya ta 65 ta Suratun Naml ta tabbatar, cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Abin da zan ƙara shi ne, neman jagora ta hanyar zaro abu a makance ba sabon al'amari ba ne a wurinmu. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, ɗaya an rubuta umarni, ɗaya an rubuta hani, ɗaya babu komai, idan mutum zai yi tafiya ko aure sai ya zaro ɗaya ya bi abin da ya fito. Alƙur'ani ya haramta wannan a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, ya kuma jera shi tare da giya da caca da gumaka a aya ta 90. Hadisin da Muslim ya ruwaito kuma sananne ne, cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. Bugun ƙasa da muka sani, mai siffofi 16 da ake fitarwa daga ɗige-ɗigen da aka yi a rairayi ba tare da ƙirgawa ba, tsarinsa ɗaya ne da wannan: a samar da abu a makance, sannan a karanta shi kamar saƙo.

Wani zai ce ai ƙuri'a ta halatta, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Bambancin a fili yake. Ƙuri'a ana yin ta ne don raba haƙƙi tsakanin waɗanda suka yi daidai, babu mai cewa ta bayyana masa alheri ko sharrin da ke ɓoye, alhali mai azlam yana neman sanin abin da ya fi masa ne daga bakin kibiya.

Na yarda cewa wadda ta kalli hoto ta yi tunani, ba ta ƙudurta komai game da gaibu ba, ba daidai take da wadda ta je wurin boka ba, kuma ba ni da hurumin yanke wa zuciyar kowa hukunci. Amma malamanmu na Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna, kuma Hajiya da ta gwada da kanta ta gaya mana tambayar da ke zuwa zuciya a lokacin juya katin. Ke kuma ba a lokacin natsuwa za ki fara ba, za ki fara ne kina tsakiyar ruɗani a kan shawara babba, lokacin da zuciya ta fi kwaɗayin a ba ta alama. Idan katin mutumin da ya juya wa kofuna baya ya fito miki a daren da kike tunanin komawa gida, anya za ki iya rantsewa bai shiga cikin shawararki ba? Saboda haka ko baje su a buɗe ban ba ki shawara ba, tun da an ce hotunan da ba na tarot ba ma suna yin aikin.

Abin da kike nema muna da shi. Nazarin kai shi ne muhasaba, wadda aya ta 18 ta Suratul Hashr ta yi umarni da ita, cewa kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, kuma malamai irin su Harisul Muhasibi na Bagadaza da Imamu Gazali sun yi dogon bayani a kan yadda mutum zai zauna da kansa ya binciki niyyarsa. Babu abin da ya hana ki yin ta da alƙalami da littafi kamar yadda ƙawarki ke yi. Ga shawara da waɗanda suka san ki suka san karatun, ga kuma istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir, raka'a biyu na nafila da addu'a, wadda ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki ko an ga wata alama, mutum yakan yi ta ne ya ci gaba da abin da ya ga ya fi, yana roƙon a sauƙaƙa masa idan alheri ne a kawar da shi idan sharri ne. Idan akwai limamin da kika amince da iliminsa a nan Lyon, ki kai masa maganar baki da baki.

'Yar Damagaram:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na gaya wa ƙawata cewa zan ɗauki littafin rubutu in bar mata katunan, kuma ba ta ji haushi ba, sai dai ta tsaya a kan cewa ita ba ta taɓa jin wani ne ke aiko mata da kati ba, ta ce Hajiya mai zane ta faɗi abin da ya same ta ne ita kaɗai. Mun bar maganar a nan. Saura tambaya ɗaya ga Malamin Tarihi: katunan da tsofaffin nan ke wasa da su ban ga Mutuwa ko Shaiɗan a jikinsu ba, su ma tarot ɗin ne ko wani abu ne dabam?

Malamin Tarihi:

Su ma tarot ne, 'yar'uwa, adadinsu 78 kamar sauran, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 masu wasa a Faransa suka koma wani saiti dabam. Dangoginsa irin na kartar da kika sani ce, manyan katunan kuma suna ɗauke da lamba babba daga 1 zuwa 21 da hotunan rayuwar yau da kullum ta birni da ƙauye, domin ɗan wasa lambar yake buƙata. Idan mutum huɗu ne, kowa yakan karɓi kati 18, a ajiye 6 a gefe, mutum ɗaya ya yi alkawarin kawo wani adadin maki, sauran ukun su haɗu su hana shi. Wasan yana da hukumarsa ta ƙasa a Faransa tun 1973, ana kuma shirya gasarsa, sannan ana buga 'yan'uwansa a Ostiriya da Suwizalan da birnin Bologna na Italiya. Hukuncin zama a buga shi kuwa hukuncin karta ne, wannan kuma sai ki koma ga Malam Ɗalibin Zaure.